Kafin a Ba Yaro Jiƙo: Jagorar Iyaye kan Illolin Maganin Gargajiya ga Yara da Matasa

Da wuya a sami gidan da ba a taɓa jiƙa sassaƙe ko dafa ganye an ba yaro ba. Dauri ga jariri, sabara ga mai gudawa, darbejiya ga mai zazzaɓi, filasko ga wanda cikinsa ya ƙulle. Itatuwan nan suna da ƙarfi, kuma ƙarfin nan ne ke sa su yi ɓarna idan aka yi ganganci. Shi kansa maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti yau, asalinsa wani tsiro ne ɗan'uwan tazargade, kuma gano sinadarinsa ne ya sa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta sami kyautar Nobel a 2015. Sai dai ita ƙwayar asibiti an san yawan sinadarin da ke cikinta, ana kuma bayar da ita gwargwadon nauyin yaro. Kofin jiƙo kuwa ba wanda ya san ƙarfinsa, har shi mai maganin. Saiwar da aka haƙo da rani daban take da ta damina, jiƙon da ya kwana ɗaya daban yake da wanda ya kwana uku.

Ga kuma jikin yaro. Hanta ce ke narkar da abin da ya shiga jini, ƙoda ta tace ta fitar, kuma a jariri duka biyun ba su gama ƙwari ba. Abin da babba zai sha ya fitar kafin dare yana iya taruwa a jikin jariri. Ruwan jikinsa ma kaɗan ne. Gudawar da za ta kwantar da magidanci wuni ɗaya tana iya kashe ɗan wata takwas. Ga matakan da ya kamata a bi tun daga lokacin da wani a gida ya ce "a jiƙa masa".

Mataki na 1: A fara da shekarunsa

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa zalla. Ba dauri, ba jiƙo, ba ruwa, ko ana tsananin zafin bazara. A nan babu sassauci, sai maganin da ma'aikacin lafiya ya rubuta. Cikin jariri ɗan ƙarami ne, duk cokalin jiƙon da ya shiga ya tare wurin nono, ga ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan da aka jiƙa da shi. Mai son nema wa jariri tsari ya yi masa addu'a da tofi, ba sai an zuba masa komai a baki ba.

Zuma sai ya cika shekara 1. Ba wanda ke musun amfaninta, amma takan ɗauko ƙwayoyin wata cuta mai suna botulizim, waɗanda hanjin babba ke iya kashe kaifinsu, na jariri kuwa ba ya iyawa. Jaririn da ta kama yakan daina bayan gida, ya kasa tsotson nono, kukansa ya yi rauni, wuyansa ya saki.

Ɗura kuma a daina ta, ko mene ne a cokalin. Idan aka toshe hancin yaro yana kuka aka zuba masa ruwa, wani ɓangare yakan bi hanyar iska ya faɗa huhu. Abin ya fi muni idan mai ne, man zaitun ko na habbatus sauda ko manja, domin mai yakan zauna a huhu ya haddasa ciwon da ke da wuyar warkewa.

Mutane sukan ɗauka abin da aka shafa a fata ba shi da haɗari. Fatar jariri siririya ce, tana zuƙar abin da aka ɗora mata. Akwai wani hali na jini da ake gado, ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Nijeriya, musamman ga 'ya'ya maza, kuma yawancin iyaye ba su san ɗansu na da shi ba. Irin wannan jariri idan aka sa masa lalle, ko aka sa masa kayan da aka adana da ƙwallayen kafur, ko aka shafe shi da man zafi, ƙwayoyin jininsa sukan farfashe, shawara mai tsanani ta taso. Kafur ɗin shafawa kuma yana jawo jijjiga ga ƙananan yara. Dakakkiyar tafarnuwa da ake ɗaura wa yaro a hannu ko ƙafa tana ƙona fata har ta tashi.

Sai kwalli. Na dutse, wanda aka fi so, yawancinsa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata 6 a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi diddigi aka tarar kwallin da aka kai masa daga Nijeriya ne, kuma da aka auna shi kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki, shi ke nan ta shiga. Mutanen Zamfara sun ga aikin dalma a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400. Ta kwalli ba ta kisa nan take, a hankali take rage kaifin ƙwaƙwalwa, abin da ta rage kuma ba ya dawowa.

Cibiyar jariri ba ta son toka, gishiri, man goge baki ko garin magani. Ta nan tatanas ke shiga. A karɓi man chlorhexidine a asibiti, na cibiya ne kawai, kada ya kusanci ido.

Mataki na 2: A san ciwon kafin a nemi maganinsa

A ganina ɓarnar da jinkiri ke yi ta fi ta gubar ganye yawa. Ana jiƙe-jiƙe kwana uku, zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin yaro, sai an ga tafin hannunsa ya yi fari fat a ɗauke shi a guje. Zafin jiki alama ce kawai. Yana iya zama cizon sauro, ciwon huhu, ƙyanda, taifot ko sanƙarau, kuma ba ganye ɗaya da ke maganinsu duka. Gwajin yatsa na zazzaɓin cizon sauro bai wuce minti 20 ba, ana yin sa a ƙananan asibitoci. A yi shi ranar da zazzaɓin ya fara. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, da jikinsa ya yi zafi sai asibiti, ba a jira.

Abu uku ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Na farko haƙori. Fitar haƙori tana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma ba ta kawo gudawa mai yawa ko zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne, a daidai wata 6 ne yaro ke fara kai komai baki, kariyar da ya samo daga uwa kuma tana raguwa, sai cututtuka su zo tare da haƙoran. Yaro mai fitar haƙori ba ya bukatar wani haɗi, na gargajiya ko na kemis. Kada a manta da My Pikin, ruwan maganin haƙori na kamfani, wanda gurɓataccen sinadarin da ke cikinsa ya lalata ƙodar yara, 84 suka rasu tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009.

Na biyu faɗawar maɗiga. Ba ciwo ba ce mai zaman kanta da za a kwaɓa magani a liƙa a ka. Ruwan jikin yaro ne ya ƙare. Maganinta nono da ruwan ORS (haɗin gishiri da sukari na mai gudawa) da gaggawar zuwa asibiti. Ga mai gudawa a haɗa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana, ko 10 ga wanda bai kai wata 6 ba.

Na uku shawarar jarirai. Idan idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya, musamman a ranar farko, ko rawayar ta sauka har ciki da ƙafafu, jiƙo da ruwan gulukos ba sa sauke ta. A asibiti ana auna ta a sa shi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Idan aka bari ta hau ƙwaƙwalwa, yaro na iya tashi kurma ko da shanyewar jiki har ƙarshen rayuwarsa.

Mataki na 3: Mene ne a cikin kofin?

Wanda ba zai iya faɗa muku sunan abin da ya haɗa ba, kada ku ba ɗanku maganinsa. "Sirrin gidanmu ne" ba amsa ba ce, domin ranar da abu ya ɓaci likita zai tambaya, kuma ba a ceton rai da sirri. A tambayi mai magani: wane itace ne, ganye ne ko saiwa ko sassaƙe, an haɗa da kanwa ko ƙwayar bature, da wane ruwa aka jiƙa, yaushe aka haɗa? Ƙullin da ya yi fumfuna a zubar. Jiƙon gora da ke yawo a rana a tasha, wanda aka ce yana maganin basir da taifot da sanyi da shawara a lokaci guda, bai dace da cikin yaro ba.

Wasu tsirrai ba su da wurin zama a bakin yaro ko kaɗan. Zaƙami, wanda wasu ke kira haukata yaro. 'Ya'yan bini da zugu, masu daɗin tauna kamar gyaɗa, waɗanda ke sa amai da gudawa ba ƙaƙƙautawa. 'Ya'yan zurma da idon zakara, masu ɗauke da guba mai kisa idan aka tauna. Ƙaron tumfafiya da na tinya, masu ƙona baki da ido. Man darbejiya ma haka: likitoci a Malesiya da Indiya sun daɗe da rubuta labarin jariran da aka ba shi suka kama amai, suka yi jijjiga, suka suma. A arewacin Indiya kuma an danganta mutuwar yara da dama da cin 'ya'yan rai ɗore, wanda ke lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa, ga shi a nan yana tsirowa a bayan kowane gida da damina. Man kanumfari da ake ɗiga wa haƙori, cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ya taɓa lalata hantar ƙaramin yaro da ya haɗiye shi. Filasko da sauran magungunan wankin ciki suna tatse ruwa da gishirin jiki, kuma yaro ba ya bukatar a wanke masa ciki.

Idan na kwalba ne ko na kwali, a duba lambar NAFDAC, sunan kamfani da adireshinsa, ranar haɗawa da ranar lalacewa, da jerin abin da ke ciki. Lambar yawancin magungunan gargajiya tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta hukumar ta duba lafiyar shan maganin ta ba shi izini na wucin gadi, ba ta tabbatar da cewa yana warkar da cututtukan da aka rubuta a jikinsa ba. Ba kuma shaida ba ce cewa an gwada shi a kan yara. Akwai masu buga lambar bogi, don haka a bincika sunan a manhajar Greenbook ta hukumar. A karanta ko akwai barasa a ciki, domin da yawa daga ruwan ɗaci na kwalba da ita ake haɗa su, kuma kaɗan daga cikinta na iya faɗar da sukarin jinin yaro har ya suma.

Mataki na 4: Yaron da ke da ciwo tun asali

Mai sikila, mai farfaɗiya, mai asma, mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai shan maganin HIV ko na tarin fuka, da mai tamowa, duk ba a ba su komai sai da sanin likitansu. Hantarsu da ƙodarsu suna ɗauke da kaya tun da farko, kuma wasu ganyaye suna rage ƙarfin ƙwayar asibiti ko su ƙara shi. Mafi haɗari shi ne mai magani ya ce a ajiye na asibiti kada su yi karo. Yaron da aka tsayar wa allurar insulin yana iya suma cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai farfaɗiya da aka yanke wa ƙwaya rana ɗaya yana iya faɗawa jijjigar da ba ta tsayawa.

Iyayen masu sikila sun fi kowa shan tallar "waraka gaba ɗaya", kuma wanda ya kwana yana jin kukan ɗansa ba a ganin laifinsa idan ya gwada. Akwai maganin sikila da aka samo daga tsirrai, Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa da masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace, aka kuma gwada shi a kan marasa lafiya. Ko shi rage yawan tashin ciwon yake yi, bai canza jinin kowa ba.

Mataki na 5: Matasa, waɗanda ba a ba su, da kansu suke nema

Ɗan shekara 15 ba ya zuwa ya ce Baba ga abin da na saya. Samari sukan fara da maganin basir da na ƙarfin jiki a tasha ko wurin mai shayi, wasu su wuce zuwa gadagi. Zaƙami kuma akan zuba shi a zoɓo ko kunu a wajen biki don a yi dariyar wanda ya sha. Alamunsa ba sa ɓuya: baƙin tsakiyar ido ya buɗe, baki ya bushe, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya na bugawa da sauri, yaro na surutai yana kama abin da babu, fitsari ya ƙi fita. Sau da yawa akan ce aljanu ne a rufe shi a ɗaki ana hayaƙi. Guba ce, kuma tana kisa. A kai shi asibiti, a yi addu'ar a hanya.

'Yan mata kuma maganin ƙiba da na ƙarin ƙugu da man "haɗin gargajiya" na hasken fata, waɗanda ake tallatawa a TikTok da Instagram. Da yawa daga irin waɗannan garin ganye ne aka daka da ƙwayoyin bature, musamman dexamethasone, wanda ke cikin rukunin magungunan da ake kira sitiroyid, da cyproheptadine. Idan fuskar yarinya ta kumbura ta yi zagaye cikin 'yan makonni, nankarwa mai faɗi ta fito mata a cinya da hannu, ƙuraje suka feso, al'adarta ta rikice, ga yawan barci da ci, a zargi sitiroyid. A nan ƙa'idar ta bambanta da ta sauran magunguna: wadda ta yi sama da mako 3 tana sha kada a ƙwace a hana ta rana ɗaya, domin jikinta ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya faɗar da ita. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Haka amaren da ake yi wa gyaran jiki da tsumi da matsi iri-iri, ƙuruciyarsu ba ta hana abin da aka cusa ya ƙona su ko ya sa musu ciwo.

Duka da zagi ba sa fito da kwalbar da aka ɓoye. Uwa ta ja 'yarta gefe ta ce, "Zo nan 'yata, ba faɗa zan yi miki ba, nuna mini abin da kike sha mu kai a duba."

Mataki na 6: Idan duk da haka za a bayar

Ga yaron da ya wuce shekara 2, mai ƙoshin lafiya, kuma ciwon ƙarami ne kamar mura, abin da aka saba ci a abinci ya wadatar: ruwan ɗumi da zuma da lemon tsami, ko ɗan shayin citta marar ƙarfi. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, don a san mai laifi idan wani abu ya faru. A dafa da ruwa mai tsabta, a yi sabo kullum, a auna da cokalin shayi mai cin mililita 5, kada a ce "rabin na babba". A ba shi da rana lokacin da ido ke kansa. A rubuta abin da aka ba shi da lokacin. Kada a haɗa jiƙon da ba a san shi ba da farasitamol, domin hanta ɗaya ce ke ɗaukar su. Kwana 2 ba sauƙi, a tsaya a tafi asibiti.

Inda ake samun cikas shi ne wajen kaka. Matar gida ba za ta iya ce wa surukarta a'a ba, don haka aikin miji ne, kuma da ladabi: "Inna, ki yi haƙuri, likita ta ce hantarsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. A bar shi da nono zuwa wata shida, ke dai ki ci gaba da sa masa albarka." In da hali a tafi da ita awo ko rigakafi ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya.

Mataki na 7: Alamun da ba a kwana da su

Masu magani sukan ce amai da gudawa alamar ciwo na fita ne. Ga yaro, alamar ruwan jikinsa na fita ne. A tsayar da maganin, a kama hanyar asibiti idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da komai, jijjiga, barcin da ba a iya tashinsa ko jiki ya saki, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar shayi ko ya ɗauke tun safe har yamma, fuska da ƙafafu sun kumbura, jini a bayan gida ko a amai, fata na saɓulewa ko baki da ido sun yi gyambo. Borin jini tare da kumburin leɓe ko shaƙewar murya na minti ne, ba na awa ba. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance: 60 ko fiye ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa shekara 1, 40 daga shekara 1 zuwa 5, duk sun yi yawa.

Mataki na 8: Abin yi kafin a isa, da bayan an dawo

Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Kada a ɗura masa manja, madara ko ruwan gishiri da sunan karya guba. Idan yana jijjiga ko ya suma, a kwantar da shi a gefensa, a sassauta masa riga, kada a cusa cokali a bakinsa, kada a matsa masa albasa a ido ko a kara ƙafarsa a wuta. Idan idonsa biyu kuma yana iya haɗiya, a riƙa ba shi nono ko ORS kaɗan-kaɗan a hanya. Ƙaron tumfafiya ko wani magani da ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15 kafin a tafi.

A ɗauki kwalbar, ƙullin, ganyen ko sauran jiƙon a tafi da shi. A asibiti a faɗi gaskiya: mene ne, nawa aka ba shi, ƙarfe nawa, kwana nawa ana ba shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyaye da yawa suna musantawa don tsoron faɗan nas, sai likita ya ɓata awanni yana neman ciwon da ba shi ne ba. Faɗan na minti biyu ne, a shanye shi.

Bayan an sallame ku, a koma ranar da aka ce a koma ko da yaron ya warware, domin raunin ƙoda da hanta yakan ɓuya sai gwajin jini ya nuna shi. Sauran maganin kada a ajiye wa ƙaninsa, kuma a gaya wa maƙwabtan da suka saya a wuri ɗaya. A roƙi likita ko mai harhaɗa magunguna ya cike takardar rahoton illar magani ta NAFDAC, mai launin rawaya, ko ku aika da kanku ta manhajar Med Safety a waya. Ana bukatar shekarun yaron, sunan maganin da lambar da ke jikinsa idan akwai, inda aka saya, ranar da aka fara ba shi, da abin da ya same shi.